Masinjan Kotu Ya Kawo Mini 'Yan Biko

Daga: Kauthar Uthman Yelwa
Adireshi: da gangan ban rubuta ba
Zuwa: Maigirma Babban Magatakarda, Sashen Shari'o'in Iyali, Abuja
Kwanan wata: 29 ga Fabrairu, 2016

Game da: Abin da aka yi da umarnin kariya da kotu ta ba ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Litinin, 22 ga Fabrairu, wani jami'i a ofishinka ya miƙo mini takardar janye ƙara da biro, ya umarce ni in sa hannu. Na ƙi. Ina so ƙin nawa ya shiga fayil tare da dalilinsa.

1. Ni jami'ar tsare-tsare ce a wata ma'aikatar tarayya. Shekara huɗu ke nan da aurena da Abdulmajeed Saleh, mai sayar da rodi da siminti a Dei-Dei. Duka ya fara a shekara ta biyu. Ban taɓa fashin aiki saboda shi ba. Duka na ƙarshe, a Janairu, ya fasa mini dodon kunnen hagu. Rahoton likita yana wurinku.

2. Ranar 9 ga Fabrairu, Mai Shari'a ta ba da umarni kada ya kusance ni, kada kuma ya aiko kowa. Na roƙi a ɓoye inda na fake, wato ɗakin abokiyar aikina Justina Philip a Karu. An tabbatar mini adireshin ba zai fita daga fayil ba.

3. An ba masinjan kotu, Malam Ɗanladi, umarnin ya damƙa wa mijina hannu da hannu. Bai damƙa ba. Ya ce kunya ba za ta bar shi ya miƙa wa magidanci irin wannan takarda a gaban abokan kasuwarsa ba, sai ya kai wa kawun mijin nawa. Su biyu suka yanke cewa yaji na yi, maganin yaji kuwa biko.

4. Ranar Asabar, 13 ga wata, da hantsi, Malam Ɗanladi da kansa ya jagoranci kawun da dattawa uku har ƙofar Justina, da goro da turmin atamfa biyu. Abdulmajeed yana cikin mota a bakin get, bai kashe inji ba. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, don haka aka rene ni. Sannan na ɗauko kwafina na karanta musu umarnin daga farko har hatimi. Atamfar tana cikin ledarta suka koma da ita.

5. Har yau takardar ba ta kai hannun mijina ba, saboda haka 'yan sanda suka ce ba su da abin da za su riƙe shi da shi. Jami'inku kuma ya ce tunda manya sun shiga maganar, mace mai ilimi irina bai kamata ta kunyata su ba.

Don haka ina roƙo a damƙa masa umarnin ta hannun wani ma'aikaci dabam, a binciki yadda adireshina ya fita, kuma Mai Shari'a kaɗai za ta ga sabon adireshin da na koma.

Ranka ya daɗe, ba na neman a tausaya mini. Mai gidan hayar Justina ya ba ta notis na barin gidan saboda motar da ke yawan tsayawa a bakin get. Na kwashe kayana, amma notis ɗin yana nan. Mahaifina ya daina ɗaukar wayata. An yi sunan ɗan ƙanwata ranar Juma'a, a hoto na gani. Kuma wanda na guda ya san fuskar duk wanda ya taimake ni. Ƙarata tana nan.

Da matuƙar ladabi da biyayya,

Kauthar Uthman Yelwa
Mai ƙara