Takardar Tafkin Gawo Bakwai

Asabar, 1 ga Oktoba, 2022

Sawu bakwai na yi yau da wayit, motar tankin ruwan da nake ja. Shekara biyar ke nan ina kai wa mutanen Riyad ruwa, ni Hamissou da na karantar a lakkwal, makarantar boko, har ake ce min Mushe, wato malam. Ina cikin layin ɗiban ruwa sai ga saƙon murya daga ƙanwata Balkissa. Wai mutanen kamfanin bututun mai sun kafa turaku masu jan fenti, sun biyo burtali sun ratsa ta bakin tafkinmu na Gawo Bakwai. Tafkin da garinmu da rugage huɗu ke sha.

"Yaya, mu dai mata mun kwashi tabarmi mun je mun zauna a kan turakun. Mu goma sha tara ne." Har da dariyarta.

Ni ban ga abin dariya ba. Ranar da bututun nan ya fashe, me za a sha?

Talata, 4 ga Oktoba

Na buɗe mana zaure a WhatsApp, 'yan gida da 'yan waje, mutum sittin da uku. Na rubuta takardar koke zuwa ga perfe, shugaban gundumarmu, shafi uku da Faransanci, ba kuskure ko ɗaya. Issoufou, ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya a unguwar Al-Jaradiya, ya ce tun safe muryata kawai yake ji a zauren, in bar wani ma ya ce uffan. To wa zai ce? Rabinsu ko gaisuwa ba su iya tsarawa ba.

Mata sun kai arba'in. A can suke girki, a can suke salla.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Wata ƙungiyar makiyaya ta turo musu lauya. Ya ce hanya ɗaya ce: takardar tafki.

Zamanin kakanmu aka yi faɗa tsakanin manoma da makiyaya har aka rasa rai. Da aka sasanta sai aka rubuta yarjejeniya da ajami, kumandan Nasara ya buga mata hatimi. Tafki da burtali na masu sha ne duka. Ba a sayarwa, ba a shingewa, ba a haƙa a kewayensu. Kakanmu ne ya rubuta, shi ya sa take gidanmu, a adakar marigayi Baba. Lauya ya ce in aka kawo ta asali a zaman da za a yi a ofishin perfe ranar ashirin da bakwai ga wata, akwai fatan a karkatar da bututun.

Mabuɗin adaka yana hannun Baffa Inuwa, ƙanin Baba. Gobe za a buɗe. Yau na ci abinci da daɗi.

Asabar, 8 ga Oktoba

Babu ita.

Litinin, 10 ga Oktoba

An zazzage adaka, an ɗaga katifu, an duba har rumbu. Baffa ya faɗa wa lauya kamanninta: ninki takwas, a naɗe cikin baƙin ƙyalle mai shuni, an ɗaure da jan zare. Ya ce bayan rasuwar Baba ya gan ta da idonsa a ƙasan adaka.

Da rana ya kira ni ina kan titi. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa, ya aiki, ya zafi, ya mutanen ɗaki. Can sai ya ce, "Hamissou, layar nan da aka ba ka da za ka tafi, tana nan?"

Raina ya ɓaci. Na ce Baffa, ana maganar tafki kana maganar laya? Na rabu da ita tun watan farko. Sai ya ce, "To." Shi ke nan.

Mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗi. Mutum ɗaya aka gani makon jiya a cikin motar kamfani, wai sun rage masa hanya daga kasuwa. Kuma an tambaye shi takarda ya ɓige da zancen laya. Ni ba yaro ba ne.

Talata, 11 ga Oktoba

Na faɗa a zaure. Saƙon murya na minti shida. Ban kama suna ba, na ce dai mai mabuɗi ya ji tsoron Allah, wanda ya sayar da ruwan garinsu ƙishin lahira na jiransa. Mutum talatin da ɗaya sun sa min alamar yabo.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Balkissa ta ce jiya da Baffa ya shiga masallaci sahu ya buɗe masa fili hagu da dama, ba mai son tsayawa kusa da shi. Da ya kai wa mata buhun gero a bakin tafki aka mayar masa da shi a kan jakinsa. Ta ce, "Yaya, anya kuwa?" Na ce ta yi ta kanta, ta bar wannan a hannuna.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Na kira Inna bayan la'asar. Kunnenta ya yi nauyi, sai da ihu. Ta ce gari ya rikice kan takardar Nasaran nan, ita kam ba ta taɓa ganin wata takardar boko a adaka ba. Sai ta koma kaina kamar kullum, ina cin abinci? Ina yin a hankali da mota? Sannan ta ce:

"Layarka dai kar ka raba ta da jikinka. Ba irin ta kasuwa ba ce. Addu'ar kakanku ce, da hannunsa ya rubuta. Daga ƙasan adaka na ɗauko maka ita cikin baƙin ƙyallenta, na leƙa na ga rubutun allo ne. Ko baduku ban bari ya kwance jan zaren ba, a haka ya ɗinke."

Na ce, to Inna. Na ce network ba kyau.

Ba ta iya karatu ba. A wurinta duk abin da aka rubuta da baƙin Larabci sunan Allah ne. Ta karɓi mabuɗi wurin Baffa a makon tafiyata, ta zaɓi rubutun da ya fi kowanne tsufa don ya fi albarka, ta ɗaura wa ɗanta a damtse.

Ni kuma? Sati uku da zuwana Issoufou ya hango ta na fito wanka. Ya ce a ƙasar nan laya sihiri ake ɗaukarta, in aka kama ni da ita ko kafil, ubangidan da ya kawo ni, ba zai tsaya min ba, iƙama, takardar izinin zama, ta tafi. Tsoro ya kama ni. Ban iya jefa ta a shara ba don ina zaton akwai sunan Allah a ciki. Sai na kai ta akwatin ƙarfen da ke jikin masallacin unguwa, inda ake zuba tsofaffin shafukan Alƙur'ani. Na tura ta ta 'yar ƙofar, na ji ta faɗi. Har daɗi na ji wai na yi ladabi.

Ko sau ɗaya ban yi tunanin farke ta in ga me ke ciki ba. Mushe guda.

Kuma Baffa ya gane. Tun ranar da ya buɗe adaka ya gane. Abin da ya kira ya tambaya ke nan.

Litinin, 17 ga Oktoba

Na je masallacin kafin in ɗauki mota. Ko akwatin ba shi ba ne, an sa sabo, kore. Na tambayi mai sharar masallaci. Ya ce duk mako mota ke zuwa ta kwashe. Na ce shekara biyar fa? Ya dube ni, ya kaɗa hannu. "Halas, sadik." Wai ta ƙare, aboki. Ya ci gaba da shararsa.

Na daɗe tsaye a wurin. Mudir, shugabanmu na wurin aiki, ya kira sau uku, yalla yalla, mutane na jiran ruwa.

Laraba, 19 ga Oktoba

In na faɗi gaskiya, sunan Inna zai koma matar da ta ɓatar da tafki, har ta mutu, har bayan ta mutu. In na yi shiru Baffa ɓarawo ne, kuma ni na raɗa masa sunan.

Kwana uku ban ce komai a zaure ba. Ana ta tambaya ko Mushe lafiya.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Na faɗa wa Issoufou bayan masallaci. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Ni na ce ka zubar." Na ce kai ka ce, ni na zubar. Bai ƙarasa abincin ba, ni ma haka.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Na kira Baffa. Na shirya magana tun a mota, da ya ɗauka duk ta gudu. Na ce Baffa, na ji daga Inna. Sai kuka, ƙato da ni, a gefen titin Al-Suwaidi, masu shaguna na kallona.

Ya bari sai da na gama. Ya ce, "Innarka Delou kar ta ji. Ka ji ko? Da zuciya ɗaya ta yi. Yayana ya bar min ita amana." Na ce to kai fa, ana tsallake ka a sahu? Ya ce shi ya tsufa, nawa ya rage, kuma Allah ya san ba shi ba ne. Sai ya tambaye ni ko akwai hoton koken da na rubuta, lauya na so.

Ko kalma ɗaya bai ce ba kan minti shidan nan. Da ma ya zage ni.

Alhamis, 27 ga Oktoba

An yi zaman. Dattawa biyar sun rantse sun san takardar, Baffa ya karanto rabinta da ka. Lauyan kamfani ya ce labarin baka ba hujja ba ne, ina takarda, ina hatimi? Minti arba'in aka tashi. Bututu yana nan inda turaku suke. An ce za a haƙa wa gari fanfo ɗaya. Rugage huɗu kuma ko ambatonsu ba a yi ba.

Lokacin da Balkissa ke faɗa min ina cika wa wani attajiri wurin ninƙaya a gidan hutunsa, bayan gari. Tanki biyu. Ya ce ruwan jiya ya yi ƙura ne ya zubar.

Litinin, 31 ga Oktoba

Motocin haƙa sun iso. Mata ba su tashi ba, sai da jandarmomi suka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da tabarminsu. An tafi da Balkissa da wasu shida, an sako su da yamma. Muryarta ta dushe. Ta ce gobe za su koma, ko ba a kan turaku ba, a gefe, su ga duk abin da ake binnewa. Ta ce matan rugage ma sun zo da ƙorensu.

Sai ta ce wasu sun je sun watsa wa ƙofar Baffa ƙasa, suna kiran sunan da ba zan rubuta ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Ba abin rubutawa. Sawu takwas.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Na tura saƙo a zaure da hantsi. Bai kai minti ɗaya ba. Na ce Baffa Inuwa bai taɓa takardar tafki ba, ƙazafi na yi masa, ina neman gafararsa a gaban kowa. Na ce ni na ɗauke ta daga adaka da zan taho, na zo da ita Riyad, ta salwanta a hannuna. Duk mai zagi ga ni.

Rabin farko gaskiya ne tsantsa. Rabi na biyu, Allah ya ga dalili.

Sun zaga kuwa. Wanda na koya wa abacada ma ya zaga. Kafin azahar an cire ni daga zauren da na buɗe da hannuna. Balkissa ba ta ɗauki wayata ba. Baffa ya aiko kalma huɗu: "Ba haka na so ba." Biyar ke nan. Ko ƙirge na kasa.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Balkissa ta turo hoto ba gaisuwa. Rami ya kai bakin tafki, ruwan gefen ya koma ja. Mata na zaune a ƙarƙashin gawo, sun fi na da yawa. A can ƙarshe ga Baffa a tsugune yana kwance buhu daga kan jaki, wata na riƙe masa bakin buhun.

Da azahar Inna ta sa aka kira mata ni. Ba ta tambayi ko na ci abinci ba. Ta ce me ya kai hannuna adakar ubana? Me zan yi da takardar Nasara a ƙasar mutane? Ta ce ta kasa fita ko ɗiban ruwa don kunya, ta haifi ɗa mai ilimi ga abin da ilimin ya jawo wa gari. Ta yi faɗa sosai, irin wanda rabona da shi tun ina aji uku. Tana tsayawa ta ja numfashi, ta ci gaba.

Na buɗe baki sau ɗaya. Ban san me na so cewa ba. Na rufe.

Da ta gaji sai muryarta ta sauka. Ta ce, "Ƙuruciya ce. Je ka, na yafe maka duniya da lahira. Amma ka roƙi baffanka."

Na ce na gode, Inna.

Na zauna a mota har aka yi min hon daga baya. Layi ya matsa, na matsa.