Ƙanwar Mijina Ta Ci Yabo Da Kwalayena

Assalamu alaikum Inna. Don Allah ki taimaka mini da shawara, zuciyata tafasa take yi, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gidan nan.

Ni malamar aji biyu ce a firamare. Duk wanda ya koyar da ƙananan yara ya san wahalar harɗaɗɗun kalmomi, irin su jirgin-sama, ɗan-kunne, bakan-gizo. Yaro zai karanta rabin farko ya tsaya yana kallonki, ya manta akwai saura. Da na gaji da ɗaga murya sai na ƙirƙiro wasa. Na kwaso kwalayen sabulu daga shagon maigidana, na yayyanka, na rubuta rabin kalma a kowanne, na ɗaura zaren saƙa. Kowane yaro ya rataya nasa a wuya, ya zaga aji yana karanta ƙirjin 'yan'uwansa har ya gano abokin kalmarsa. Mai "gidan" ya kama hannun mai "sauro", su fito gaba su karanta tare, su rubuta a allo. Akwai wata 'yar tsurut da muke kira Shiru-shiru, tun da aka kawo ta ban taɓa jin muryarta ba. Ranar da ta rataya "bakan" ta gano mai "gizo", da gudu ta ja yaron zuwa allo tana faɗar kalmar da ƙarfi. Har ƙwalla na yi.

To Auta, ƙanwar maigidana, ni na yi mata hanyar aiki a makarantar nan. Ni na koya mata ko yadda ake tsayawa a gaban allo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ta ari kwalayen, aka yi dace masu duba makarantu suka shiga ajinta. Suka yaba sosai. Shugabar makaranta ta tambaye ta a gaban kowa ina ta samo dabarar, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, wai Allah ne ya kawo. Allah ne ya kawo, Inna! Ni da almakashi ya yi wa kanta a yatsa!

Yanzu an sa ta nuna wasan ranar taron iyaye. Da yake yaranta ba su ƙware a karatu ba, shugaba ta ce a yi da 'yan ajina. Na kai kuka wurin maigidana, ya ce ai duk gida ɗaya ne, in an yabi Auta an yabe ni. Surukata har sabon mayafi ta saya na zuwa taron. Abin da ya ƙarasa ni, Auta ta biyo ni har ɗaki tana Anti kaza Anti kaza, wai rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda, in taimaka in yi mata sababbin kwalaye manya.

Na karɓa. Na rubuta "jirgin" na bar "sama", na rubuta "bakan" na bar "gizo". Kusan rabin kwalayen ba su da abokai. Na san halinta, ba za ta duba ba sai ta zazzage su a gaban jama'a. So nake in zauna a kujerar baya in ga gumi ya wanke mata hoda, in ga uwarta ta rasa inda za ta sa fuska cikin sabon mayafin nan. Ko kaɗan ba na tausayinta. In miƙa mata kwalayen haka, ko akwai hanyar da ta fi wannan zafi?

Malama mai kanta a yatsa

Wa alaikumus salam 'yata. An zalunce ki, kuma ba zan ce ki haɗiye ki yi shiru ba. Auta ta ci amana. Maigidanki ma ya kauce, don zama gida ɗaya bai mayar da guminki nata ba.

Amma ki duba ɗaya ɓangaren. Sabuwar malama ce, manya suka yabe ta ba zato, bakinta ya yi nauyi. Wannan ba uzuri ba ne, sai dai kullum ta ƙara yin shiru gyaran na ƙara yi mata wuya. Ita kuma shugaba ba ta san gaibu ba. A duk wasiƙarki ban ga inda kika gaya mata ba. Kin kai ƙara wurin miji kin bar mai ikon gyarawa.

Ki kira Auta ku biyu, ki gaya mata gaskiya ba tare da zagi ba: kafin ranar taron za ku je wurin shugaba tare, ta faɗi da bakinta wa ya ƙirƙiro wasan. In ta noƙe, ki je ke kaɗai da tsofaffin kwalayenki. Ki nemi a ambaci sunanki, ke ki jagoranci ajinki, ita ta taya ki. Kada ki sa surukarki a ciki.

Kin tambaye ni hanyar da ta fi zafi. Babu wadda ta fi taki, sai dai ba Auta za ta ƙona ba. Ita babba ce, za ta yi dariya ta ce kwalaye sun cakuɗe, kafin mako an manta. Kwalin nan ba a wuyanta zai rataya ba. Shiru-shiru ce za ta tsaya tsakiyar fili da "bakan" a ƙirji, tana bin yara ɗaya bayan ɗaya a gaban iyayenta, tana neman abin da ba ki rubuta ba. Ba za ta ce malama ta yi makirci ba. Cewa za ta yi ita ce ba ta iya karatu ba, sannan ta waiga kujerar baya tana neman idonki.

Ɗauko alƙalami ki rubuta mata "gizo" ɗinta yau. Allah ya huci zuciyarki, ya ƙwato miki haƙƙinki, ya yi wa ɗalibanki albarka.

Inna