Gidan Mutum Huɗu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ki gaida min angona, ki ce masa in bai daina tsotsar yatsa ba na fasa auren.

Bayan gaisuwa, takarda na rubuto ban kira ki ba, don maganar waya ana ajiye ta ake mantawa, wannan kuwa so nake ki karanta sau biyu. Matar direba, maƙwabciyata, ta dawo daga wajenku, ta ce ta gan ki da idonta a layin tallafin nan da gwamnati ta fito da shi saboda matsin da ake ciki. Wai kina tsaye a rana, goye da yarinya, kina fifita da fom. A gaban mutane ta faɗa min, tana yi min jaje kamar an yi rasuwa.

Auta, haka na rene ki? Shekara goma sha ɗaya da rasuwar babanku, da keken ɗinkin nan na ƙarasa muku makaranta, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Mijinki yana aiki a masana'anta, ke kina koyarwa. Duk wanda ya karɓi abin da ba nasa ba, daga bakin wani ya fizge shi, kuma Allah yana gani. Ki fita daga layin nan. In mijinki ne ya tura ki, ki ba shi takardar nan ya karanta.

Allah ya shirye ku.
Mahaifiyarki.

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce. Angonki ya ce shi ma dama kin yi masa tsufa.

Mama, na ɓoye miki ne don kada hawan jininki ya tashi. An rufe masana'antar su Baban yara wata huɗu ke nan. A makarantarmu iyaye sun janye yara, aka rage mana albashi. Mun sayar da firji. Angonki bai koma makaranta ba wannan zangon, kullum sai ya sa takalminsa ya zauna a bakin ƙofa. Tallafin kuma ba na marasa komai kaɗai ba ne, har da masu ƙaramin albashi irinmu aka ce.

Amma ki kwantar da hankalinki, ban ci komai ba. Da na kai taga, ma'aikacin ya buga lambar katina ya ce ai ina cikin wani gida, ni da yaran biyu, har gidan ya yi wata biyu yana karɓa. Mutum ɗaya ba ya shiga gida biyu. Ƙarshen wata za a rufe rajista. Baban yara ya shigar da ƙorafi, sun ce ranar Alhamis ta sama ya je a nuna masa sunan mai gidan.

Wane irin marar imani ne zai ci da sunan ƙananan yara? Don Allah ki duba gwangwanin da kike ajiye takardunmu. Na san maƙwabta suna cika ɗakinki kina cike musu fom, kada wani ya sa hannu.

Ki sha maganinki.
Autarki.

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyu na yaga.

Ba wanda ya taɓa gwangwanin. Ni ce.

Ki bar ni in faɗa a jere, ba don ki yafe ba, don ki sani. Tun da aka shiga wannan hali ba mai kawo ɗinkin kayan makaranta, kowa ƙane yake sa wa na wansa. Sai na fara raba ƙwayar magani biyu. Ban gaya miki ba, don na saba ni ake tambaya.

Da fom ya fito, matan layinmu suka riƙa zuwa in cike musu, saboda rubutuna. Na cike goma sha bakwai, kowace sai da na yi mata wa'azin neman na kai kafin ta fita. Ɗaya ya rage a kan tebur. Na ji an ce gidan da ke da yara shi ake fara dubawa, mai zaman kaɗaici sai ƙarshe. A wurin da aka ce adadin mutanen gida, na rubuta huɗu. Na buɗe gwangwani na kwafi lambarki da ta yaran. Na ce a raina ai kuna da albashi biyu, ba abin da zai kai ku layi. Na cusa nawa a tsakiyar na maƙwabta na kai. Kuɗin ta waya yake shigowa, ba mai gani.

Ranar da matar direba ta ba ni labarinki, ba tarbiyyarki ce ta tayar min da hankali ba. Tsoro na ji. Na rubuta miki duk abin da na rubuta ne don ki bar layin kafin ki kai taga. Na sa sunan Allah a ciki, Auta. Wannan ya fi komai ci min rai.

Jiya na je ofishin. Na bi layi tun safe, matar direba tana bayana da mutum biyu.

Ta ce, "A'a, Mama mai ɗinki! Yau ke ce a rana? Ko wa'azin aka kawo mana har nan?"

Na ce, "Gyara na zo yi."

Yarinyar da ke taga ni na ɗinka mata kayan makaranta tun tana aji ɗaya. Ta miƙe ta gaishe ni. Na yi magana ƙasa-ƙasa, gilashi ya tare. Ta ce, "Mama, ɗaga murya, ba na ji." Na waiga, duk layi ya kasa kunne. Sai na ɗaga. Na ce ni kaɗai ce a gidana, mutum ukun nan ƙarya na yi, 'yata ce da jikokina, a cire su. Yarinyar ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Matar direba ta kau da kai. Da ta yi dariya ma da ya fi min sauƙi.

Sun cire ku, ni ma sun cire ni gaba ɗaya, kuma daidai ne. Ga takardar shaida nan da hatimi na haɗo miki. Ki kai ta gobe, kada ki jira. Kada kuma mijinki ya je ranar Alhamis ya ji sunana a bakin baƙo. Ki ba shi takardar nan ya karanta.

Ban san me zan ce wa angona ba.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Muna gaisuwa. Na kai takardar, sun karɓa, sunanmu ya shiga. Angonki zai koma makaranta ranar Litinin.

Na yi kuka, na yi fushi, har yanzu ban gama ba. Baban yara ya karanta, sannan ya tambaye ni sunan maganinki. Ya sayo, yana cikin ledar da matar direba za ta kawo miki, ita ta ce a ba ta. Ki daina raba shi biyu.

Ya kuma auna ɗakin yara da igiya. Ya ce ke da keken ɗinkinki za ku shiga, in aka jingina gado da bango.

Autarki.