Warin Gida

Birnin Regina, 9 ga Janairu

Zuwa ga maigidana Wendell,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Yaya ciwon gwiwa? Yaya yayanka Curtis da iyalinsa? Wata uku ke nan da ka tafi wajensu, waya ma ba ka ɗauka, shi ya sa na koma takarda.

Ɓerayen hamadan nan biyu da kake kiwo, Otis da Floyd, suna nan cikin akwatinsu na gilashi. Ka san ni da saurin jin wari. Kai ne mai cewa da 'yan sanda sun san da hancina da tuni sun sallami karnukansu. To, tunda sanyi ya hana buɗe taga, sai na riƙa jin ɗan bashi-bashi a falo, ga ɓarɓashin katako da suke watsowa har ƙarƙashin kujera. Amma fa na saba da su. Da la'asar nakan zauna da shayi ina kallon ramukan da suka haƙa a jikin gilashi, dusar ƙanƙara na sauka a waje, har gyangyaɗi ya kwashe ni. Rannan na yi mafarki na ƙanƙance na shiga ramin, ina bin lunguna masu ɗumi, ina jin takunka a gaba, ban cim maka ba.

Jiya dai haƙurina da warin ya ƙare. Na zubar da shimfiɗarsu kakaf, na wanke akwatin da sabulu mai ƙamshin lemo har sau biyu, na zuba sabuwa. Ina mayar da su sai suka tsaya suna shinshina juna kamar baƙi, can suka kaure da faɗa. 'Yan'uwan da kullum ɗaya ke barci a kan ɗaya. Floyd ya ciji Otis a wuya har da jini. Na raba su, ɗaya yana cikin bokiti yanzu. Tsoro nake ji kada ka dawo ka tarar na ɓata maka wannan ma.

Taka har kullum,
Noreen

Regina, 28 ga Janairu

Maigidana Wendell,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ban ga amsa ba, amma ba komai.

Na je wajen Iya Doris, tsohuwar nan mai shagon dabbobi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke kuma 'yar nan, wa ya aike ki? Da hanci suke gane ɗan'uwa, ba da ido ba. In za ki share, ki bar cikin hannu ɗaya na tsohuwar shimfiɗa ki gauraya da sabuwa. Kin wanke musu gida har ya zama na wasu." Ta ce in raba akwatin da ragar waya, kullum in sauya musu ɓangare, kowa ya kwana cikin warin ɗan'uwansa.

Ina cikin bas a hanyar gida sai rigar sanyin mahaifinka ta faɗo mini a rai. Shekara shida da rasuwar Baba tana rataye a bayan ƙofa, tana warin taba da hayaƙin itace da man tarakta. Na wanke ta, har ina jiran godiya. Ka sa fuska a cikinta, ka daɗe, ka ajiye, washegari ka haɗa jaka. Ni kuwa ina ta cewa namiji guda ya yi yaji a kan riga. Kunya ta kama ni, Wendell. Na yi ta kuka har na wuce inda zan sauka. Ka yafe mini.

Na bi shawarar Iya Doris, jiya na cire ragar. Suka shinshina juna, Otis ya kwantar da kai, Floyd ya hau gyara masa gashi. Yanzu haka suna dunƙule wuri guda, ban ma san wutsiyar wanne ce a sama ba.

Ranar da nake neman ragar a ɗakin ƙasa, na ga hular Baba mai kunnuwa cikin akwatin kayan kamun kifi. Tana wari sosai. Na ɗaure ta a leda don kada warin ya fice, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ba zan aiko ta ta gidan waya ba. Tana nan a kan matashinka, shi ma ban wanke shi ba tun ranar da ka tafi.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Noreen