Takalmin da Ka Aiko wa Baba

Wudil,
Afrilu, 1975.

Zuwa ga ƙanena Isyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Barakatu da yara. Yaya aikin tashar jirgin ruwa? Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ku a Ikko. Mu nan da sauƙi, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat. Inna ta warke daga tarin nan, Talatu kuma ta yaye ɗanta. Ni dai daga aji sai ɗakin Baba, wallahi na gaji har cikin ƙashina.

Maganar takalmin nan ce da ka aiko wa Baba da babbar salla, baƙin nan mai tsini da tudun dunduniya, irin na 'yan ofis. Na san da zuciya ɗaya ka saya, amma kai Isyaku, ka manta ƙafar Baba ne? Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana koro shanu daga Darki zuwa kara, kasuwar shanu, ai ƙafarsa faɗi gare ta kamar faifai. Ranar farko sai da ya haɗa da cokali kafin dunduniyar ta shiga. Tun daga ranar ya jefa tsohon takalminsa fade na fata bayan rumbu. Kowace Juma'a da takalminka yake wuni tsaye a kara yana dillanci, duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya ɗage masa riga, ya ce ɗansa na Ikko ne ya aiko.

Da fari yatsun ne suka yi bororo, sai ya fara ɗingishi, daga nan baya ya riƙe. Yanzu a zaune yake salla. Inna ta gasa da ruwan zafi, wanzami ya yi ƙaho, duk a banza. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Malamin asibitin ya ce ciwon daga ƙasa ya taso, don in takalmi ya matse ƙafa mutum karkacewa yake yi, bayan kuma ya ɗauki wahalar. Ya ce a nemo mai faɗin gaba, mai taushi, shimfiɗaɗɗe, da maɗauri a dunduniya. In kuwa ya ci gaba da wannan, yana tsoron nan gaba ko da sanda ba zai kai kara ba. Baba ya yi godiya sosai, muna fitowa ya sake cusa ƙafarsa.

Na yi faɗa, na yi lallashi. Na ɓoye takalmin a bayan randa, ya ƙi cin tuwo sai da na fito da shi. Wai ajiye shi raina kyautarka ne, kuma mutanen kara za su ce ka yar da shi. Ka san tun da ka tafi bai sa ka a ido ba, shi ke nan abin da yake da shi na nunawa. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Haladu direba zai ba ka wasiƙar nan tare da karan dawa guda biyu. Dogon karan tsawon ƙafar Baba ne, gajeren kuma faɗinta. Yana barcin rana na auna. Ka sayo masa wani takalmin, amma kada ka saya da ido ko da lamba, ka zura karan ciki ka gani, kuma kada ƙyalli ya ruɗe ka. Daga hannuna ba zai karɓa ba, na gwada. Sai ka ce kai ne kake so ya ajiye na farkon. In da hali ma, ka kawo da kanka.

Inna tana gaishe ka, da Talatu da Kawu Giɗaɗo. A gaida Barakatu, a shafa min kan yara. Baba ya ga ina rubutu, ya ce in gaya maka takalmi ya yi masa cif, kamar a ƙafarsa aka ɗinka. To, na isar da saƙonsa. Bayan ya faɗa, sai da ni da Inna muka kama shi kafin ya iya miƙewa.

Wassalam.
Ni ce yayarka,
Murja.