Lambu Mai Lamba Sha Huɗu da Irin Albasar Mista Stobbs

Ƙungiyar Masu Lambunan Haya,
Layin Tsohuwar Mahaƙa, Ravensholt.
Litinin, 29 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga:
Mista Gareth Pennock,
Daraktan Sashen Bayar da Kwangila,
Ƙaramar Hukumar Ravensholt.

Yallaɓai,

Game da: Ɓarnar da aka yi a lambu mai lamba 14 da sunan taimakon al'umma, da takardar tashi da ta biyo baya

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Glenda Hedworth, sakatariyar wannan ƙungiya shekara sha tara ke nan. A iya tsawon wannan lokaci ban taɓa damun hukuma da takarda ba sai a kan famfon da ya fashe. Yau dole ce ta sa.

A watan Yuli ofishinka ya raba wa kamfanonin da ke neman kwangilar gyaran titunan garin nan takarda mai shafi huɗu, wadda ta jera musu ayyukan alherin da za su iya yi wa jama'a don samun ƙarin maki. Shawara ta bakwai ta ce a taimaka wajen share lambunan haya da aka yi watsi da su. Tun daga ranar ba mu huta ba. Kamfani uku suka zo mana. Rumfarmu ta ajiye kayan aiki ta sha fenti sau biyu cikin wata guda, kore da farko, sannan shuɗi a kan koren. Duk da haka, har shayi muka dafa musu. Abin da ya kawo ni shi ne:

1. Ranar Asabar, 6 ga Satumba, da ƙarfe takwas na safe, Kamfanin Ollerby ya shigo da mutum sha ɗaya cikin riguna ruwan ɗorawa iri ɗaya, da mai ɗaukar hoto. Ƙofarmu a kulle take kwana. Makullanta uku ne: ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugabanmu, ɗaya a Ofishin Lambuna na hukumarku. Ni ban ba kowa nawa ba. Shugaba kuwa yana gidan 'yarsa tun ƙarshen Agusta, da makullinsa a aljihu. Ban zargi kowa ba, Yallaɓai, amma na iya ƙirga uku.

2. Da shigarsu suka wuce lambu na 3 da na 9, waɗanda ƙaya ta cinye shekara biyu, ko kallonsu ba su yi ba. Kai tsaye suka nufi na 14, wanda shi kaɗai ne a bakin titi, ana hango shi daga tashar bas. Lambun Mista Wilfred Stobbs ne, tsohon mahaƙin kwal mai shekara tamanin da ɗaya, wanda ya faɗi ya karye a ƙugu ranar 19 ga Agusta, yake kwance a asibiti.

Abin da suka tarar shi ne busassun karare masu tsayi, kowanne an ɗaure masa tsohuwar safa a ka. Suka ce shara ce. Ko wanda ya karɓi lambu jiya ya san wannan albasa ce aka bari ta yi fure, safar kuma don ta tare iri kada iska ta watsar. Safunan ma na marigayiyar matarsa ne. Irin kuwa daga mahaifinsa ya gada, da shi ne kuma Mista Stobbs ya ci gasar babbar albasa ta garin nan sau sha huɗu. Bana, saboda ciwon baya, bai shuka ta gasa ba, ta iri kawai ya shuka, kuma irin albasa ba ya jure dogon ajiya. Babu wanda ke da shi a wani wuri, don mutumin marowaci ne na gaske a kan wannan abu. Ni kaina shekara sha tara ina roƙonsa ƙwaya biyar, kullum sai ya ce in jira ya mutu.

Da na iso ƙarfe goma da rabi, an riga an loda komai a mota. Jagorarsu, Mis Tamsin Rooke, ta tare ni da fara'a ta ce, "Haba Mama, kwantar da hankalinki, bola ce muka kwashe muku. Zo ki shiga hoto mana." Amsar da na ba ta ba ta dace da takardar hukuma ba.

3. Da abin ya tsaya nan, da na ce kuskure ne, an je gyaran gira an rasa ido. To amma ranar 17 ga Satumba Ofishin Lambuna ya aika wa Mista Stobbs takardar ya tashi cikin kwana ashirin da takwas, wai ya yi watsi da lambunsa. Ni na tsince ta a ƙofar gidansa, da yake ni nake ciyar masa da kyanwa. Ƙa'idar da muka sani ita ce mai duba lambuna yakan zo a Afrilu da Oktoba, kuma ni nake zagayawa da shi. Bana bai zo a Satumba ba. Hujjar da aka maƙala wa takardar hoto ne ƙwaya ɗaya, kuma a gefensa na hagu ga hannun riga ruwan ɗorawa nan ɓaro-ɓaro. Ina son a gaya mini tun yaushe hoton mai neman kwangila ya zama rahoton hukuma.

4. Ranar Alhamis, 25 ga Satumba, na tarar da mutum biyu suna auna lambun da igiyar awo. Na tambaye su wa ya aiko su. Babban cikinsu ya ce, "Mu dai an ce mu auna wurin kafa allon talla da benci, Mama, sauran ki tambayi na sama." Sanarwarku ta ce sai 10 ga Oktoba za a bayyana wanda ya ci kwangilar. Wa'adin Mista Stobbs bai cika ba. Kuma ko da ya cika, mutum arba'in da uku ne a layin jiran lambu, wasu tun shekara biyar. To allon wa za a kafa, kuma wa ya ba shi tabbaci tun yanzu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi a janye takardar tashin nan a rubuce; a duba littafin karɓar makulli na Ofishin Lambuna a faɗa mana wanda ya sa hannu ranar 5 ko 6 ga wata; kada a ba Kamfanin Ollerby ko maki ɗaya a kan wannan aiki; a kuma gyara shawara ta bakwai, ta yadda ba wanda zai ƙara taɓa lambu sai ya tambayi mai shi. Na je wurin zubar da sharar lambu tun ranar 8 ga wata ko zan tsinci wani abu, aka ce mini an riga an niƙe, don haka ban roƙi a dawo da irin ba.

Roƙona na ƙarshe ba ya cikin kowace ƙa'ida. Mista Stobbs bai san komai ba. Likita ta ce kada a tayar masa da hankali, shi ya sa duk lokacin da na je dubiya ya tambaye ni ko irin ya bushe, sai in ce yana nan lafiya. Sau uku na yi wa tsohon nan ƙarya, kuma raina bai daina ɓaci ba. Ranar Juma'a, 3 ga Oktoba, za a sallame shi, ya kuma ce in biya da shi ta lambu kafin gida, har ya sa na tanadar masa ambulan ashirin na zuba iri. Bana, in ji shi, zai ba ni ƙwaya biyar ɗin.

Za mu iso ƙofar da ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina roƙonka, Yallaɓai, ka zo da kanka ka tsaya a wurin, ka yi masa bayanin amfanin da aka yi wa al'umma, domin ni na duba na rasa ta inda zan fara.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawar da ta dace da ofishinka.

Taka mai biyayya,
Glenda Hedworth (Misis)
Sakatariya, kuma mai lambu na 15