Ƙyallaye Ashirin da Shida

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Umma. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta. Na ƙi kiran waya ne don bangon da ke tsakanin shago da ɗakin Umma kamar kwali yake, kuma Yaya Ƙarama har yanzu a can take wuni, rungume da zanen Umma.

Ranar Talata da safe ina buɗe shago na ga wata dattijuwa zaune a bencin mai aski, ta zuba wa ƙofarmu ido. Mai aski ya ce, "Iya, saisaye za a yi ko tal kwabo?" Ko kallonsa ba ta yi ba. Ranar Laraba ta dawo. Ranar Alhamis ta tsallako titi, ta zazzage jaka a kan keken ɗinki. Ƙyallaye ne, kowanne kamar tafin hannu, an jera su a zare ɗaya. Ta ce, "Kai tela ne. Yankan wa ke nan?"

Yaya, kin san babban almakashin Umma mai giɓi, wanda ke barin ɗan tsini a duk inda ya yanka. Duk ƙyallen da na ɗaga, tsinin na nan. Guda ashirin da shida ne. Na gane shuɗin rigar makarantar Yaya Ƙarama, da mai furen da ta ƙona da dutsen guga, da leshin bara. Naki babu, nawa babu.

Na ce mata teloli da yawa a gari. Ta ce, "Na bana bai zo ba." Ta kwashe kayanta ta fita.

Ke kika fi mu sanin Umma. Mene ne wannan? Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam, duk muna lafiya. Kai dai tun kana yaro idonka ba ya hutawa, allura ta faɗi sai ka ce ga wanda ya yar. Almakashi mai giɓi ai ba a kan Umma aka fara ba.

Kada ka sake barin matar nan ta tako shagon. Kada Ƙarama ta gan ta. Almakashin kuwa ka ba masu sayen tsohon ƙarfe. Wata takwas yarinyar nan tana jinyar Umma, ita ke juya ta, ita ke mata wanka, a cinyarta ta cika. Ba za ta iya ɗaukar wani abu yanzu ba. In ka karanta ka yaga. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka

*

Yaya Babba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso. Na karanta sau uku, na ga ba ki tambaye ni ko wace ce matar ba, ba ki tambayi kamanninta ba.

Almakashi yana nan, ban bayar ba. Matar kuma ban iya korarta ba, ta girmi Umma. Na ba ta ruwa, ta karɓa da hagu, ɗan ƙaramin yatsanta a lanƙwashe. Kin san wa ke riƙe kofi haka a gidan nan.

Ta ce duk shekara wani direban babbar mota ke kawo mata ambulan, ba wasiƙa, ba adireshi, sai ƙyalle ɗaya. Da shi take sanin 'yarta da ta ɓace tun tana jaririya na raye, har tana gane ta girma idan yadin ya tashi daga na yara. Ta roƙi direban har ta gaji, ya ce ya yi wa mai aikowa rantsuwa. Sai da ya ji rasuwar Umma ya buɗe baki.

Yanzu ba ita kaɗai take zuwa ba. Akwai mota ruwan toka da ke tsayawa a bakin layi, maza biyu a ciki, 'ya'yanta ne. Jiya babban ya shigo wai a ɗinke masa maɓalli, maɓallin da da hannu aka tsinke shi, na ga zaren. Ina ɗinki yana kallon ƙofar ciki. Da zai fita ya ce, "Tela, mu fa ba mu da haƙurin tsohuwarmu."

Yaya Ƙarama ta ce, "Auta, me ka ɓoye a shago kake kulle ƙofar ciki, ko budurwa ce?" Rabon da ta tsokane ni tun kafin rasuwa. Na yi dariya kawai. Don Allah ki gaya mini gaskiya.

Auta

*

Ƙanina,

Ina gaishe ka. Shekarata bakwai lokacin. Umma tana raino a gidan matar nan, a wani gari mai nisa. Umma ta haifi 'ya, 'yar ta rasu, bayan sati uku uwar gidan ta haihu. Umma ce ke goya jaririyar, har tana ba ta nono a ɓoye. Wata rana da hantsi ta goya jaririyar ta ce in raka ta kasuwa, sai muka shiga mota. Ta ce, "Duk wanda ya tambaya, ƙanwarki ce." Motar na tashi na hango matar ta taga, tana gudu ba takalmi, ba ɗankwali. Na gani, na yi shiru, har yau.

Babanka ya auri Umma da 'ya'ya biyu, bai san komai ba har ya rasu. Maganar ƙyallayen ni ma a bakinka na ji.

In Ƙarama ta ji daga bakin baƙi, Umma za ta mutu mata sau biyu, ni kuma ta rasa ni. Ina nan tafe ranar Asabar, ni zan gaya mata. Ka riƙe mini ƙofar nan zuwa Asabar kawai, don girman Allah.

Yayarka mai laifi

*

Yaya,

Sallama. Na ba yaron mota wannan don ta riga ki tasowa.

Yau Juma'a da safe su ukun suka shigo tare. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, abu ɗaya zan tambaya. Tana raye?" Na tsayar da keke. Na ce tana raye. Babban ya nufi ƙofar ciki, ta riƙe masa riga, ta durƙusa a kan tarkacen yadi, ta kira wani suna da ban taɓa ji ba, sau uku, da ƙarfi.

Ba ni kaɗai na gani ba. Mai aski yana bakin ƙofa da reza a hannu, mai burodi yana bayansa. Sai Yaya Ƙarama, da ta zagayo ta waje don na kulle ciki. Tana tsaye a tsakaninsu da shayin da ta kawo mini, ban san tun yaushe ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Auta